Jirgin ruwa a tsakar gida: yadda aka sauke fetur daga tankin da aka cika maƙil

Asalin lamarin

Jirgin na faiba ne, tsawonsa mita 6, mallakar wani ɗan kasuwa mazaunin Hotoro a birnin Kano. Aikinsa yawo da masu zuwa shaƙatawa a madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina a kan kogin Kano zamanin Gwamna Audu Bako, kimanin kilomita 70 kudu da birni. Idan kasuwa ta yi sanyi sai a ɗora shi a kan tirelarsa, a jawo shi gida, a lulluɓe da tamfol a gefen tsakar gida.

Injinsa Yamaha Enduro ne mai ƙarfin doki 40, irin wanda ake gauraya masa fetur da man inji, wanda ake rubuta 2T a jikin robarsa. Ma'aunin da ake bi a wannan jirgi shi ne kashi 50 na fetur, kashi 1 na man inji, wato rabin lita a kowace jarka mai lita 25.

Yawancin jirage irinsa jan tanki ƙarami suke amfani da shi, wanda ake ɗauka da hannu a sauke. Wannan kuwa tankinsa na alminiyam ne, a kwance ƙarƙashin daɓen jirgi, ba ya fita. Tsawonsa santimita 120, faɗi 40, zurfi 25, yana cin lita 120. Ke nan kowace santimita ɗaya ta zurfinsa kusan lita 5 ce. Ƙofofinsa huɗu ne, dukkansu a sama: bakin ɗura mai, bututun numfashi, bututun da ke kai mai zuwa inji, da ramin da fulot ɗin geji yake zaune, wato abin da ke yawo a saman mai yana nuna yawansa. Babu noti a ƙasa da za a kwance mai ya tsiyaye. Da gangan ake ƙera tankin fetur na jirgi haka, domin duk abin da ya ɗiga daga ƙasansa ba titi zai zuba ba, cikin jirgin zai taru.

Tsakiyar Janairu 2024: ɗura mai

Tun da aka sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, kowa ya koyi cewa litar yau ta fi ta gobe araha. Maigidan ya kuma ji ana cewa tankin da aka bari da sarari yana yin gumi, ruwa ya taru a ciki. Sai ya haɗa dalilan biyu, ya aika aka sayo jarka huɗu, aka zuba wa kowace man injinta.

Jarkunan a bayan mota suka kwana, cikin sanyin hunturu. Da sassafe aka juye su. Akwai ragowar tsohon mai kimanin lita 25 a tankin tun damina, saboda haka ya sha kusan lita 95. Ba a tsaya ba sai da aka ga mai ya leƙo a bakin ɗurawa. Aka murɗa murfi, aka ja tamfol.

Fabrairu zuwa farkon Maris: wari, sannan yoyo

An fara jin wari tun makon farko, aka ce wanda ya zube wajen ɗurawa ne. A Fabrairu sai aka lura cewa warin yana da lokaci: da safe shiru, daga azahar zuwa la'asar sai ya cika gida. A farkon Maris, da zafi ya kankama, aka ga wani layi mai maiƙo ya gangaro a jikin jirgin daga bakin bututun numfashi, ƙura ta manne masa har ƙasa.

Fetur yana kumbura idan ya ji zafi, kusan kashi 1 cikin 1000 a kan kowane digiri ɗaya. Man da aka ɗura yana wajen digiri 15, ya koma 40 a ƙarƙashin tamfol, ya ƙaru da digiri 25. A kan lita 120, ƙarin ya kusa lita 3, kuma babu inda aka bar masa. Sai ya hau babban tiyon ɗurawa, ya hau bututun numfashi, ya fito.

Wanda ya fito waje shi aka gani. Akwai wanda ba a gani ba. Muddin mai yana tsaye a cikin tiyon ɗurawa, to ya fi saman tanki tudu, kuma nauyinsa yana danna duk wani haɗi da ke saman tankin. Robar da ke ƙarƙashin faifan da ya rufe ramin geji ta tsufa ta bushe. A da tururi kawai take tarewa, yanzu mai ne tsundum a jikinta, sai ta fara tsattsafo. Da aka ɗaga murfin daɓe aka tarar da saman tankin a jiƙe, fetur kuma ya kwanta a lungun bayan jirgi, kusa da batir.

Tururin fetur ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu. Ba ya tashi sama, gangarawa yake yi ya kwanta a wuri mai kwari, kuma jirgi duk kwari ne. Idan ya kai kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin 100 na iskar wurin, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Tsakanin jirgin da murhun gawayi na gidan taku goma sha biyu ne.

Makon farko na Maris: tiyo da baki

Abin da ya fara zuwa ran kowa shi ne abin da ake yi wa mota. Direban gidan ya yanko tiyon ban ruwa, ya ba wani yaro, da la'asar. Tiyon ya shiga santimita 40 ya cije, domin babban tiyon ɗurawa na jirgi ba a miƙe yake ba, yana da gwiwa inda ya karya ya bi ƙarƙashin daɓe. Amma da yake rana ta tura mai har wuya, zuƙa ɗaya yaron ya yi fetur ya cika masa baki. Kimanin rabin lita ta zubo a jarka, sai ya tsaya cak. Abin da ke cikin wuyan kawai aka kwashe, ba a taɓa tanki ba.

Yaron ya shaƙe, ya yi ta tari. Aka kawo manja, wani ya ce a sa masa yatsa ya amayar. Wata maƙwabciya ma'aikaciyar jinya ta hana, ta ce a kai shi asibiti. Gaskiyarta. Haɗarin fetur ba a ciki ya fi yawa ba, a huhu yake, ɗigo kaɗan da ya bi maƙogwaron numfashi yana iya ƙona huhu, amai kuwa hanya ce ta biyu da za a ba shi ya shiga. A kurkure baki, a cire rigar da ta jiƙe, a fita iska, idan akwai tari ko numfashi da ƙyar a tafi asibiti nan take. An duba yaron, an riƙe shi kwana ɗaya, aka sallame shi.

Kwana biyu bayan haka: famfon roba

Tsakanin tanki da inji akwai ɗan famfon roba mai siffar ƙwai, wanda ake matsawa kafin a tayar da inji. Direban ya cire tiyon daga jikin inji, ya danna ƙwallon da ke cikin bakinsa da ƙusa, ya saita shi a jarka a ƙasa, ya fara matsawa. Mai ya zo. Tunaninsa shi ne da zarar ya fara gudu zai ci gaba da kansa. Ana sakin hannu sai ya ɗauke. Aka sake, ya sake ɗaukewa. Da matsi aka tara lita 6, sannan famfon, wanda rana ta riga ta gasa, ya tsage a gefe ya fara shan iska.

Mutanen gida suka yanke cewa bututun ya toshe. Lafiyarsa ƙalau. A inda bututun ya fito daga saman tanki akwai wani ƙaramin bawul mai ƙwallo da sifirin a ciki. Aikinsa ke nan: idan tiyo ya fashe a cikin jirgi, kada tanki ya tsiyaye kansa. Ba ya buɗewa sai an ja shi da ƙarfi, kamar yadda famfon inji ko hannu ke ja. Tazarar da ke tsakanin tankin da ke kan tirela da jarkar da ke ƙasa ba ta kai ta buɗe shi ba.

Mako na biyu, farkon azumi: tayar da inji a duro

Sai aka ce a bar inji ya shanye rarar. Aka sayo sabon famfon roba, aka cika duro da ruwa, aka ɗaga gaban tirela da jak domin ƙafar inji ta nutse a ciki. Nutsar da ƙafar daidai ne, don injin jirgi da ruwan da yake ciki yake huce kansa, kuma idan ya yi aiki a bushe, ko na ɗan lokaci, fankar roba da ke jan ruwan ta lalace.

Inji ya tashi, ya yi minti goma, ya fara sarƙewa, ya mutu, ya ƙi tashi. Da aka kwance sukurun da ke ƙasan kafireto, abin da ya fito a murfin kwalba ruwa ne da ɗan fetur a samansa. Ruwa ya fi fetur nauyi, a ƙasan tanki yake kwana. Bakin bututun jan mai ba ya taɓa ƙasa, akan bar masa santimita ɗaya ko biyu, shi ya sa da jirgin yake a daidaice ruwan bai kai gare shi ba. Ɗaga gaban jirgi ya tattaro ruwan gaba ɗaya zuwa baya, daidai bakin bututun.

Ko da babu ruwa, lissafin ba ya fita. A zaune ba gudu, inji irin wannan lita ɗaya zuwa biyu yake sha a awa, kuma ba a ba shi wuta a cikin duro. Kafin a ga bambanci a tankin sai an yini ana hayaƙi, ana kuma tayar da inji a kan jirgin da cikinsa ke cike da tururi.

Shawara uku ta biyo baya, kuma an yi sa'a ba a bi ko ɗaya ba: a huda ƙasan tanki da injin huda, a ja man da famfon ruwa na lantarki, ko a zuƙe na lungun da injin shara mai zuƙar ƙura. Dukkansu injinan lantarki ne da ba a ƙera don fetur ba. Injin huda da injin shara suna fitar da tartsatsi a cikinsu duk lokacin da suke aiki, na sharar ma ta cikin injinsa yake bi da iskar da ya zuƙo.

Mako na uku: ranar aikin

Aka nemo wani bakanike da ya saba da injinan jirgi. Ya zo da yamma, ya duba, bai taɓa komai ba. Ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, a tura shi waje yanzu. Aikin sai bayan asuba." Maigidan ya ce, "Malam, mai na kusan jarka biyar zai kwana a waje?" Ya ce, "Ranka ya daɗe, gara ya kwana da maigadi da ya kwana da iyali."

Da hannu aka tura tirelar zuwa wani fili a bayan layi. Aka yaye tamfol, aka buɗe duk murafen daɓe, aka cire toshiyar da ke ƙasan bayan jirgi aka tara bokiti, aka tsane na lungun da tsumma. Ba a kunna fanka ba, iskar Allah aka bari ta yi aikin dare guda. Batir ma ba a taɓa shi ba sai da safe, bayan warin ya ragu, domin cire waya kanta tana iya ba da tartsatsi. Aka tabbatar komai a kashe yake, aka fara cire baƙar waya, sannan jar waya, aka ɗauke batir ɗin aka kai nesa.

Kayan da aka tanada, yawancinsu daga kasuwar Ƙofar Ruwa: tiyon fetur mai faɗin milimita 10, mita 3, guntun bututun jan ƙarfe na firji, santimita 60, sabon famfon roba, jarka biyar masu murfi, kwalabe farare guda biyu, sabuwar robar geji, tukunyar kashe gobara mai hoda, bokiti biyu na yashi. Ba a ajiye ruwa don kashe wuta ba, fetur a kan ruwa yake yawo, watsa masa ruwa faɗaɗa gobara ne. Mutum uku kawai aka bari a wurin, babu mai sigari, wayoyin hannu a mota.

Matakin farko shi ne wanda mutanen gida suka yi wa kallon ɓata lokaci. Bakaniken ya ƙi buɗe ramin geji. Geji har yanzu yana nuna cike, kuma babu wanda ya san adadin da ya zube. Idan mai bai sauka ƙasa da saman tanki ba, kwance faifan nan zai sa ya bulbulo cikin jirgi. Sai ya sauke gaban tirela jirgin ya daidaita, ya jira rabin awa, ya haɗa sabon famfon kai tsaye da tiyon inji, kibiyar da ke jikinsa tana kallon jarka. Litar farko a kwalba aka tara, ruwa ya kwanta a gindinta kaurin yatsa. Daga nan mai ya zo garau. Mutum biyu suka yi karɓa-karɓa, minti 40, lita 15. Da wanda aka fitar a baya, an san aƙalla lita 22 ta fita, wato mai ya sauka fiye da santimita 4.

Sannan aka koma kan faifan geji. Sukuransa biyar ne, kuma tazararsu ba ɗaya ba ce, ta fuska ɗaya kawai yake zama, saboda haka aka ja layi da alli daga faifan zuwa jikin tanki. Aka sassauta sukuru ɗaya aka tsaya kallo. Bai jiƙe ba. Aka kwance sauran da hannu, aka zaro fulot a karkace don kada hannunsa ya lanƙwashe. Robar ta fito gutsure biyu.

Ta wannan rami babu gwiwa, babu bawul. Aka cusa bututun jan ƙarfe a bakin tiyo, aka zura shi har ya taɓa ƙasa, aka ɗaga santimita 2, aka ɗaure shi a nan, aka toshe gefen ramin da tsumma mai tsabta. Matsi shida na famfo, mai ya kama gudu da kansa. Jarka a ƙasa take, a kan ƙasar da aka yayyafa wa ruwa, bakin tiyo yana can gindinta ba ya fantsama. Wannan ba ƙawa ba ce. Iskar Kano a Maris a bushe take ƙayau, fetur mai gudu cikin roba yana tara lantarki, kuma jarkar da ke kan bayan mota ko kan taya ba ta da inda za ta sauke shi.

Jarkar farko minti 7 ta ɗauka, ta huɗu ta kusa 12, domin gwargwadon saukar mai a tanki, gwargwadon raguwar ƙarfin gudunsa. Lita 21 aka sa wa kowace, aka bar mata sararin da aka hana tanki. Jimla 84.

Saura na ƙasa. Yanzu aka ɗaga gaban jirgi, aka ɗan karkata shi gefe, aka jira minti 20 ya bi ta ƙofofin shingayen da ke cikin tanki ya taru a kusurwa ɗaya. Aka lanƙwasa bututun jan ƙarfe ya kai kusurwar, aka ja da famfo zuwa jarka ta daban. Lita 9 ta fito, launin shayi, da baƙin gari. Bayan ta kwanta, kimanin lita 2 ruwa ne. Robar murfin ɗurawa ta tsattsage, ta nan ruwan damina yake bi.

Aka sa sabuwar robar geji a bushe. Ba a yanko ta daga tsohon tib na taya ba, domin fetur yana kumbura shi, ba a kuma shafa silikon ba, domin yana laushi ya gutsure ya toshe bututu. Aka ɗaure sukuran a gicciye, kaɗan-kaɗan. Aka canza robar murfi, aka ɗaura filta mai raba ruwa da mai tsakanin tanki da inji, aka wanke kafireto, aka wanke cikin jirgi da garin sabulu, aka bar shi a buɗe kwana uku. Kafin ƙarfe goma na safe an gama da fetur.

Inda man ya tafi

Mai kyau ya tashi kusan lita 105. An gwada gindin kowace jarka da man gwajin ruwa, irin wanda gidajen mai ke shafawa a sandar awo, mai canza launi idan ya taɓa ruwa. An ajiye jarkunan a rumfa mai iska, nesa da ɗakuna. Ba a zuba wa motar maigida ba, domin man injin da ke ciki yana ɓata fulogi da matatar hayaƙi ta salansa. Ba a sayar wa 'yan bumburutu ba, tunda wanda zai saya a hannunsu ba zai san gauraye ba ne. Kaɗan ya tafi ƙaramin janareta mai shan gauraye, sauran aka ajiye wa jirgi. Lita 9 ta ƙasa aka rufe aka ba bakaniken ya haɗa da duron da garejinsu ke tara lalataccen mai. Ba a zuba a kwata ba, tururi yana bin kwata ya je ƙofar gidan wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Afrilu 2024: komawa ruwa

Kwana biyu kafin Ƙaramar Sallah aka ja jirgin zuwa Tiga, tanki wayam. A bakin ruwa aka zuba lita 40 na tsohon mai ta mazurari da ƙyalle, aka ƙara sabon gauraye lita 40. Inji ya tashi a ja na uku. Kofin filta ya tara ɗan ruwa a ranar farko, daga nan bai sake ba. Saman tanki a bushe yake har ƙarshen hidimar Sallah.

Hukunci

Cikawa har wuya ita ce tushen komai. Shawarar a ajiye tanki cike ta ƙasashe ce masu laima da sanyi, kuma ko a can ana barin sarari. A Kano, daga Janairu zuwa Afrilu, iska ba ta da laimar da za ta tara lita 2, ruwan ta murfi ya shiga. Da an tsaya a lita 105, da robar geji ba ta taɓa nutsewa ba. Ribar da aka nema a farashi kuwa, kusan lita 5 da ta zube ko ta bi iska, da lita 9 ta ƙasa, da kuɗin asibiti, sun cinye ta.

Cikin yunƙuri uku da suka gaza, na tiyo da baki ba shi da uzuri ko kaɗan. Na tayar da inji ya fi kowanne haɗari, ko da yake shi ya tona asirin ruwan. Na famfon roba kuwa hanya ce daidai da aka yi wa mummunar fahimta, ita ce ma bakaniken ya fara da ita. Abin da ya bambanta aikinsa shi ne jeri: iska kafin batir, rage mai kafin buɗe geji, mai kyau kafin na ƙasa.

Direban ya nemi a cire bawul ɗin nan gaba ɗaya don sauƙin wata rana. Bakaniken ya ƙi, kuma ƙin nasa daidai ne, domin ranar da tiyo ya fashe a tsakiyar Tiga da fasinja a ciki, shi ne zai hana lita 100 malala a ƙarƙashin ƙafafunsu. An bar shi a wurinsa, aka rubuta 105 da jan fenti a gefen bakin ɗurawa.